Aikin Bayan Asuba

Ku rufe kwamfutocin nan tukuna, ku juyo. Ɗazu ina shigowa zaure na ji ɗayanku yana cewa wai aikin kwantam layi goma ne, ka kwafo ka liƙa ka danna, shi ke nan ka zama gwani. Ban ce ya yi ƙarya ba, layi goma ne. Tuwo ma ai gari ne da ruwa, amma je ka tuƙa mu gani.

Ni da kuke gani na tsufa a kan kwamfuta ta yau da kullum kafin in san akwai wata iri. Shekara da shekaru ina rubuta wa makarantu da shaguna manhaja a wannan zaure na gidanmu na Ƙofar Kuyambana, har furfura ta fito mini ina ganin babu sauran abin da zai ba ni mamaki. Wanda ya sauke mini wannan girman kai shi ne Malam Isiyaku, tsohon malamin fiziks da ya yi ritaya yana zaune a Tudun Jukun. Gyaran kwamfuta ya kai ni gidansa. Ina cikin aiki ya ce, "Tanimu, ka taɓa yi wa na'urar da ta fi sararin samaniya sanyi magana?" Na ce, "Malam, firjin gidana ma bai san sanyi ba, wuta ba ta zama." Ya yi dariya ya ce in jawo kujera.

Na'urar, wato kwamfutar kwantam ɗin, tana can Amurka, a rataye cikin wani tulun ƙarfe da aka sanyaya shi har ya kusa kai ƙarshen sanyin da ake iya samu. Kamfanin da ya ƙera ta ya buɗe ƙofa, kowa yana iya aika mata aiki ta intanet ya bi layi. A cikinta akwai abubuwan da ake kira kubit. Kun san kwamfutarmu da sifili da ɗaya take aiki, kowane gurbi ko wannan ko wancan. Shi kubit, kafin a auna shi, yana riƙe da rabo na duka biyun, sai an auna ya faɗa gefe guda. Malam ya ɗauki kubit biyu, ya sa na farko a tsaka-tsakin nan, ya ɗaure shi da na biyu, ya ce wa na'urar ta maimaita sau dubu ta faɗa mana abin da ta gani. Muka sha shayi, amsa ta dawo. Kusan rabi sifili da sifili, kusan rabi ɗaya da ɗaya. Babu wanda ya san gefen da zai faɗa kafin awo, amma duk inda ɗaya ya faɗa, nan ɗan'uwansa yake. Ina zaune a Tudun Jukun da silifas, an taɓa abin da ido ba ya gani a bayan teku, ya amsa.

Sai na lura da wasu 'yan tsiraru a gefe, inda biyun suka saɓa wa juna, ɗaya sifili ɗaya ɗaya. Na ce, "Malam, waɗannan fa? Ai ka ce ba sa saɓawa." Ya ce, "A lissafi ba sa saɓawa. Wannan kuskuren na'ura ne, mu muna ce masa hayaniya. In ka shiga harkar nan, layi goman kyauta ne, waɗannan 'yan tsirarun su ne sana'arka."

Koyon bai zo da daɗi ba. Malam Isiyaku ya hana ni taɓa na'urar wata da watanni. Takarda da fensir ya ba ni, in zauna a tabarmarsa ina ninka jadawalin lambobi da hannu kamar ɗan firamare, jikokinsa suna leƙowa suna yi wa tsoho mai furfura dariya. In na kawo amsa ba ya kallon ƙarshenta, tsakiya yake sa yatsa ya ce, "Nan ka yi cinta, ba ka sani ba." Da na ƙetare wannan ya sake ni a kan manhajar kwaikwayo, wadda ke yin kamar ita ce na'urar a cikin kwamfutarka. Ita kuke ta murna da ita tun safe. Ku kiyaye ta, makira ce, komai ka ba ta tsaf take dawo maka da shi, har ka ɗauka ka iya.

Ta gaskiyar ba haka take ba. Kowane kubit da halinsa, wani mai riƙo ne, wani da ka juya baya ya manta abin da ka ba shi, kuma duk riƙon nasu bai kai ƙiftawar ido ba. Ba kowane ne maƙwabcin kowane ba, in kana son biyu su yi magana alhali suna nesa, sai an bi ta kan na tsakiya, kowane taki kuma hayaniya ce ke ƙaruwa. Saboda haka gwani a nan shi ne mai gajarta aiki, ba mai tsawaita shi ba. Har amsar ma daga dama ake karanta ta, kamar ajami, kubit na farko shi ne na ƙarshen layi. Sati na yi ina zargin na'urar da juya mini lissafi kafin Malam ya tausaya ya gaya mini. Kayan aikin kuwa ba su da yawa: kwamfuta, batirin sola, layin waya biyu don in ɗaya ya yi gardama ka koma ɗaya, takarda, sai haƙuri mai yawan gaske.

Masu kawo aiki kuwa mun ga iri-iri. Wani Alhaji mai sayar da taki a Ƙofar Doka ya ji labari a rediyo, ya zo da rakiya wai in sa kwantam ta tsara masa hanyar motocinsa. Na ce, "Alhaji, wannan kwamfutar da ke gabana za ta yi maka shi kafin shayinka ya huce, ita waccan ba ta kai nan ba tukuna." Ya ji haushi, ya ce shi na Amurka yake so. Wani saurayi kuma wayar wani ya kawo wai in fasa masa lambar sirri. Na nuna masa ƙofa. Gaskiyar da nake so ku riƙe ita ce, na'urorin nan na yanzu jarirai ne. Abin da suke yi, kwamfutar gida tana iya yinsa. Muna koyon yi musu magana ne tun suna rarrafe.

Aikin da ya koya mini sana'ar da gaske na Malama Rifkatu ne. 'Yar Wusasa ce, malamar kimiyyar sinadarai a wata sakandare, tana neman digirin dakta. Ta daɗe a kai, har jami'ar ta ba ta wa'adi na ƙarshe, in shekarar ta fita ba ta miƙa ba a soke sunanta. Malam Isiyaku ne ya turo ta. Ta shigo zauren nan da jaka cike da takardu ta ce, "Malam Tanimu, ni sinadari na sani, wannan yaren naku ban iya ba. An ce kai ne tafinta."

Abin da take nema shi ne ƙarfin da ke cikin wata 'yar ƙaramar ƙwayar sinadari sa'ad da ta natsu, wato lamba mafi ƙasa da za ta iya sauka. Yadda ake yi kamar ciniki ne. Kwamfutarmu ta yi tayi, ta aika wa na'urar, na'urar ta auna ta dawo da lamba, kwamfutarmu ta gyara tayin ta sake aikawa, haka haka har lambar ta ƙi sauka. Ita Malama, nata ƙoƙarin shi ne ta auna irin kuskuren da kowane kubit na wannan na'ura yake yi, ta ƙirƙiro hanyar cire shi daga amsar. Duk babin da ta rubuta a kan wannan na'ura guda ya tsaya. An ba ta lokaci ƙayyadadde a kanta, na masu bincike, in ya ƙare ya ƙare.

To ciniki ba ya yiwuwa in kowane tayi sai ya yini a layi. Da rana layin na'urar ya fi na gidan mai tsawo. Muka gwada lokuta, muka tarar in na dawo daga masallaci da asuba na aika, layin fayau yake, mutanen can sun kwanta. Kuma amsar ta lokacin tsaf take fitowa, hayaniya kaɗan. Muka ce ai dalilin a fili yake, babu cunkoso. Daga nan ya zama ƙa'ida, in sallame salla, in gaisa da liman, in shigo in danna. Ita kuma ta iso da hantsi bayan ta sallami ajinta na farko mu duba tare. Mu mutanen birni ai ba da agogo muke alƙawari ba, da salla muke yi, don haka har sunan da nake ba kowane aiki haka yake, asubar Litinin, asubar Talata. Malama takan ce, "Malam, ni dai wannan asubar taku ta karɓe ni." Liman da ya ji labari ya ce ai dama an faɗa, akwai albarka a sammako. Duk damina muka yi muna samun abin da muke so.

Da kaka ta kama, ana cikin yankan dawa, sai abu ya lalace dare ɗaya. Aikin da muka saba, ban canza ko ɗigo ba, amma lambar ta ƙi sauka. Ta yi ƙasa ta yi sama kamar mai maye. Hanyar Malama ta cire kuskure, wadda jiya take aiki, yau ƙara ɓata amsar take yi. Na ce ko tuntuɓe ne na kwana ɗaya. Washegari haka, jibi haka.

Kai, mun sha wuya! Na bi manhajar layi-layi har idona ya yi ja. Na goge komai na sake ɗorawa. Na zargi layin waya, na zargi batiri, har kwamfutar na canza. Malam Isiyaku, da ciwon gwiwarsa, ya hau ɗan sahu ya zo ya sake lissafin Malama da hannu tun daga farko, ya ce babu aibi. Kamfanin yana da shafi da ke nuna lafiyar na'urar, in Malama ta iso da hantsi mu buɗe, mu tarar komai lafiya lau, kowane kubit garau. Ga shafi yana cewa lafiya, ga amsa tana cewa ciwo. Kowane gwaji kuma cin lokacinta yake yi. Rannan har muka yi sa-in-sa, ta ce, "Malam, ko dai ka taɓa wani abu ka manta?" Na ce, "Malama, ko dai hanyar taki ce dama sa'a take ci?" Na ga maganar ta soke ta. Ta tattara takardunta ta fita, amma washegari ta dawo.

Ana cikin haka sanarwa ta fito cewa kamfanin zai yi wa na'urar ritaya a ƙarshen wata, sun ƙera sababbi. Ga mai wasa wannan ba komai ba ne, sai ya koma wata. Ga Malama kuwa, sabuwar na'ura sabbin kubit ne da sabon hali, sai ta faro awo daga tushe, wa'adinta kuma ba zai kai ba. Muka duba abin da ya rage mata na lokaci, bai wuce na cikakken ciniki guda ba. Ta ce, "Kada ka ƙara aika komai, Malam. In zan faɗi, gara in faɗi da harsashina ɗaya a hannu." Na ji tsoro ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Mafitar ba daga littafi ta zo ba. Ina da ƙanwa, Bilkisu, ma'aikaciyar jinya ce a can Amurka, nakan kira ta ranar Juma'a kafin in tafi masallaci, daidai lokacin da take shirin fita aiki. Rikicin nan ya sa na yi makonni ban kira ba. Da na kira sai na ji murya cikin barci. "Haba Yaya, me ya faru? Wani ya rasu ne?" Na ce, "Wane irin rasuwa, ba yanzu kike tashi ba?" Ta ce, "Da saura awa guda. Ai mun ja agogo baya tun farkon wata." Na ce, "Kun ja me?" Ta ce, "Agogo. Kowace shekara haka ake yi, in sanyi ya shigo a mai da shi baya awa ɗaya, in zafi ya zo a tura shi gaba." Na ce, "Ikon Allah! Ku da wa kuka yi shawara? Rana ta sani?" Ta ce in bar ta ta yi barci.

Na taɓa jin wannan al'ada tasu, yadda mutum ke jin labarin ƙanƙara, amma ban taɓa kawo ta kusa da aikina ba. Mu nan tun da aka haife ni ba a taɓa taɓa agogon ƙasa ba. Ina tafiya masallaci abin yana juyawa a kaina, huɗubar ranar ban san me aka ce ba, Allah ya yafe mini. Ita na'urar kullum sai an yi mata saiti, kamar yadda makaniki ke saita inji, domin a cikin yini guda kubit ɗin suna zamewa kaɗan-kaɗan daga inda aka ajiye su. Saitin kuma da agogon can ake yinsa, tsakar darensu. Duk damina, saitin yana ƙarewa ina fitowa daga masallaci, ni ne na farko da ke samunta sabuwa fil. Da suka ja agogo, saitin ya koma bayan awa guda. Asubata ba ta motsa ba, amma yanzu ina isa gare ta a mafi munin lokacinta, ta yini ta kwana tana aiki ba a gyara ta ba. Kafin hantsi kuwa an saita ta, shi ya sa shafin yake nuna mana lafiya.

Duba shafin ba ya cin lokacin kowa. Washegari na dawo daga salla na buɗe, na nemi inda aka rubuta lokacin saiti na ƙarshe, ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa da ba mu taɓa kula shi ba. Na jiya ne. Na zauna ina kallo har gari ya fara haske, sai ga shi ya canza a gaban idona. Na kira Malama, na kira Malam Isiyaku. Shi ya sa kuke gani ba na barin kowa a zauren nan ya danna aiki bai karanta mini wannan layin da ƙarfi ba, kuna cewa tsoho ya cika fitina.

Ranar da muka sa, mijinta ya kawo ta a babur tun daga Wusasa gari bai waye ba, ya zauna a dakalin waje. Malam Isiyaku ma ya kwana a gidanmu don kada a ba shi labari. Na dawo daga masallaci, kwamfuta a buɗe, layi fayau, yatsana har ƙaiƙayi yake yi don sabo. Malama ta ce, "Malam, zauna a kan hannunka." Hajiya, maiɗakina, ta aiko da koko da ƙosai, babu wanda ya taɓa. Ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Masu tallar safe suka fara wucewa, 'yan makaranta suka fara fita. Can rubutun ya canza. Na dube ta, ta gyaɗa kai, na ce bismilla, ita ma ta yi tata addu'ar, na danna.

A fuskar kwamfutar akwai layi a kwance, shi ne amsar gaskiya da aka riga aka sani. Lambarmu ta faro daga can sama. Tayi na farko ta sauko. Na biyu ta ƙara saukowa. Ta ɗan yi turjiya a tsakiya, na ji Malama ta ja numfashi, sai ta ci gaba. A hankali, a hankali, har ta zo ta kwanta a jikin layin, kusa fiye da duk abin da muka samu da damina, ta zauna ba ta ƙara motsi ba.

Na san abin da ke ranku, in an riga an san amsar, mene ne abin mamaki? Malam Isiyaku ne ya faɗe shi a ranar, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Kwamfutarka lissafa ƙwayar nan take yi, Tanimu. Waccan ba lissafi ta yi ba. Mun roƙe ta ta zama ƙwayar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta zama, muka tambaye ta yaya take ji, ta faɗa mana." Ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi. Na koyar da wannan a allo tsawon rayuwata, ban zaci zan gani ba."

Ta miƙa aikinta cikin wa'adi, yau Dakta Rifkatu ce. Amma kafin ta tashi a waccan safiyar, na duba na ce mata akwai ɗan guntun lokaci da ya rage, bai isa wani aikin kirki ba. Ta ce, "Aika mata aikin da babu komai a ciki." Na ce, "Kamar yaya?" Ta ce, "Kada ka sa ta yin komai. Ka taɓa kubit ɗina kawai ka auna su yadda suke." Na ce, "Malama, wannan ai ba tambaya ba ce, me za ki samu?" Ta ce, "Haba Malam. Tun damina nake shiga gidanta, kuma an ce rufe gidan za a yi. A ina aka taɓa fita ba sallama?"

Na rubuta, layi uku ne, na aika. Ba a jima ba amsa ta dawo, sifili a jere har ƙasa, sai nan da can ɗaya ya leƙo, don ko ba ka tambaye ta komai ba sai ta ɗan yi tuntuɓe. Malama ta matso da kujera ta daɗe tana kallo, ta sa bakin mayafinta ta goge ido.

Ta ce, "Ta amsa, Malam."